Shekara 6 rabona da coci, anya Allah zai sake karɓata?

Mama ina wuni, don Allah ki ɓoye sunana. Shekara 6 ke nan rabona da coci. Na yi ciki ba aure, aka sa ni a horo, aka cire ni daga ƙungiyar mawaƙa, kunya ta hana ni komawa, shi kuwa wanda ya min cikin ya yi tafiyarsa har ya yi aure. Na haifi ɗa namiji, likitoci sun ce sikila gare shi, kullum muna hanyar asibiti, ga shi kwanan nan an sallame ni daga aiki saboda yawan fashi. Gwaggona ta ce Allah ne ya janye kariyarsa daga kaina, wai ai ɗan Dauda da Batsheba ma mutuwa ya yi. Akwai wani mai wa'azi da nake bi a Facebook, na tura masa saƙo ya ce ƙofar albarkata a kulle take sai na shuka iri mai tsoka kafin ta buɗe, kuɗin da ke hannuna kuwa na maganin yarona ne. Na tuba Mama, na yi kuka har na gaji, amma in na durƙusa addu'a ji nake kaman da bango nake magana. Wani lokaci sai in ji gara in mutu in huta. Anya Allah zai sake karɓata? In tura kuɗin?

'Yata, sannu. Sannu da jinya, sannu da ɗawainiya ke kaɗai.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ita ce ba ta jira. Kar ki tura masa ko kwabo. Kuɗin magani ne, ki je ki sayi magani da shi, kuma kar zuciyarki ta ce miki kin hana Allah wani abu. A Markus 7 Yesu ya yi wa Farisiyawa tatas a kan irin wannan, mutum ya ɗauki abin da ya kamata ya taimaki iyayensa da shi ya ce wai ya keɓe wa Allah, su kuma malaman su sa masa albarka ya bar iyayen a wahala, Yesu ya ce sun soke maganar Allah da al'adarsu. Manzo Bulus kuma a 1 Timoti 5:8 ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya fi marar bi muni. To ina ga uwa da ɗanta marar lafiya? An taɓa yin wani Siman mai sihiri a Samariya, yana nan a Ayyukan Manzanni 8, ya ga manzanni suna ɗora wa mutane hannu suna karɓar Ruhu Mai Tsarki, sai ya zaro kuɗi ya ce a sayar masa da ikon, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗin nasa tunda yana tsammani baiwar Allah ta sayarwa ce. In mai saye ya sha wannan amsa, me kike gani za a ce wa mai sayarwa? Ba wai ina hana bayarwa ba ne fa, baiko da zakka suna da wurinsu, amma 2 Korantiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a ransa, ba da tilas ba, ba da ɓacin rai ba. Wanda ya ji labarin yaro mai sikila da uwa marar aiki, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne lambar asusu, ni kam na gama sanin ko shi wane ne. Ki daina binsa.

Sai maganar gwaggo. Zan ba ta girmanta, ƙila ma ita a ganinta tsoron Allah take koya miki, amma ta yi kuskure kuma kuskuren yana cin ranki, saboda haka dole in warware shi dalla-dalla.

Sikila ciwon gado ne a jini. Yaro ba ya samunsa sai ya gaji ƙwayar S daga uwa ya kuma gaji wata daga uba. In uwa AS ce uba ma AS ne, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar S guda ɗaya, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi yaro SS, wato mai sikila, ko an ɗaura aure a gaban bagade da farar riga ko ba a ɗaura ba, jinin bai san da wannan ba. Akwai fastoci da dattawan ikilisiya da suka yi aure tsaf bisa ƙa'ida suna jinyar 'ya'ya masu sikila yau ɗin nan, su kuma zunubin me za mu ce? Ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120 suna aiki, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 sun mutu, ga su a lanƙwashe kaman lauje suna toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ke kawo ƙarancin jinin da ciwon ƙashin da ke hana ku barci. Abin da ke jikin ɗanki ke nan, ba wasiƙar hukunci ba ce daga sama.

Labarin Dauda kuwa gaskiya ne yana nan a 2 Sama'ila 12, yaron ya mutu, ba zan ɓoye miki ba. Amma a wurin Allah ne da kansa ya aiko annabi Natan da saƙo takamaimai ga sarkin da ya ƙwace matar sojansa ya kuma sa aka kashe mijin, ba doka aka kafa ba cewa duk yaron da aka haifa ba aure sai ciwo ya kama shi, kuma gwaggo ba Natan ba ce. Da ta ƙara karatu kaɗan ma a surar nan ɗin da ta ga an haifi Sulemanu daga wannan Batsheba ɗin, aka ce Ubangiji ya ƙaunace shi. Ki buɗe Matiyu sura 1 ki duba jerin kakannin Yesu, za ki ga matar Uriya a ciki, ga Rahab, ga Tamar da ta haifi Feresa ta hanyar da ko a bakin mutane ba ta faɗuwa. Allah bai ji kunyar sa su a layin Ɗansa ba. Ezekiyel 18:20 ta faɗa ƙarara ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Almajirai ma sun taɓa yin tambaya irin ta gwaggo a Yohanna 9, suka ga wanda aka haifa makaho suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Yesu ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba.

Abin da na lura yana damunki a ƙarƙashin duk wannan shi ne kin ɗauki wahala ta zama ma'aunin matsayinki a wurin Allah, in abubuwa na tafiya daidai to yana tare da ke, in sun cakuɗe to ya tafi. Mu da yawa haka aka koya mana ba tare da an faɗa da baki ba, don masu ba da shaida ranar Lahadi kullum waɗanda suka tsira ne, wanda mota ta kife da shi ya fito ba ƙwarzane, wadda ta samu aiki, wadda ta haihu lafiya. Ba mai tashi ya ce 'yan'uwa ku taya ni godiya har yanzu ina cikin wuta amma ban ƙone ba. Sai mai jinya ya zauna a baya yana lissafin laifinsa.

Ki karanta Ayyukan Manzanni 12 a hankali. Sarki Hirudus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yohanna ya sa aka kashe shi da takobi. Ya kama Bitrus ma, ya sa sojoji 16 suna gadinsa bi da bi, an ɗaure shi da sarƙa 2, da dare mala'ika ya zo ya tashe shi, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Sura ɗaya fa, sarki ɗaya, manzanni biyu da suka bar jirgin kamun kifi suka bi Yesu. Za ki ce Allah ya janye kariyarsa daga Yakubu ne? Bulus ya lissafa nasa a 2 Korantiyawa 11, sau 5 ana masa bulala 39, sau 3 ana dukansa da sanduna, sau 1 aka jejjefe shi da duwatsu, sau 3 jirgin ruwa na fashewa da shi. A sura ta gaba ya ce akwai ƙaya a jikinsa, sau 3 yana roƙo a cire, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Da gwaggo na zamanin da ta ce Bulus ya binciki kansa.

Ina son Zabura 91 sosai, ina karanta ta, ki ma ki karanta wa yaronki da dare. Amma ki tuna Shaiɗan ma ya iya ta, ita ya jawo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali a Matiyu 4, wai ka yi tsalle mana ai an ce mala'iku za su tallafe ka. Duk wanda ya mai da kariyar Allah ta zama alkawarin cewa ba abin da zai taɓa ki, karatun nan yake maimaita miki. Dauda da ya ce Ubangiji makiyayina ne bai ce ba zai bi ta kwarin inuwar mutuwa ba, cewa ya yi ko ya bi ba zai ji tsoro ba don kana tare da ni. Teburin da aka shirya masa, da man da aka shafa masa a ka, da ƙoƙon da ya cika har yana zuba, duk a gaban maƙiyansa ne, suna tsaye suna kallo, ba a kore su tukuna ba.

Akwai wani mutum da ba a cika wa'azi a kansa ba, ina so ki san shi, Mefiboshet ɗan Jonatan jikan sarki Saul. Yana ɗan shekara 5 labari ya zo an kashe babansa da kakansa a yaƙi, mai renonsa ta sunkuce shi za ta gudu, garin sauri ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka nakasa. Ya girma a ɓoye a wani gari Lodebar, a gidan wani Makir, yana cin arzikin mutane, ga jinin tsohuwar sarauta a jikinsa wanda a wancan zamani shi kansa abin tsoro ne in sabon sarki ya hau. Rana ɗaya sai ga aike wai sarki Dauda na nemansa. Ki yi tunanin tafiyar nan, gurgu, an ɗauko shi, bai san ko kansa za a sare ba. Yana isowa ya faɗi rubda ciki, Dauda ya kira sunansa, ya ce kada ka ji tsoro, zan yi maka alheri saboda mahaifinka Jonatan, zan mayar maka da dukan gonakin kakanka, kuma kullum a teburina za ka ci abinci. Shi kuwa abin da ya iya cewa shi ne, ni wane ne, mataccen kare kamata, da za ka dube ni? Irin maganar da kike yi wa kanki ke nan shekara 6. Dauda ko tanka wannan bai yi ba, ya juya ya kira Ziba baran gidan Saul, mai 'ya'ya maza 15 da barori 20, ya ce ku riƙa nome masa gonakin.

Bai kawo komai ba 'yata. Ba shi ya nemi sarki ba, sarki ne ya tambaya ko akwai wanda ya rage. Ba don halinsa aka karɓe shi ba, saboda wani ne, kamar yadda mu ma saboda Yesu aka karɓe mu. Kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne ayar ƙarshe ta 2 Sama'ila 9, bayan an gama faɗin yana zaune a Urushalima yana ci a teburin sarki kaman ɗaya daga 'ya'yan sarki, sai marubucin ya ƙara da cewa gurgu ne ƙafa biyu. Ƙafafun ba su warke ba. Albarka ta zo a yalwace, gona da barori da kujera a fada, nakasar kuma tana nan, kuma ba wanda ya ce zamanta alama ce sarki bai karɓe shi da gaske ba. Ina roƙon Allah ya ba ɗanki sauƙi, ina kuma ba da gaskiya yana iya yin abin da ya fi haka, amma ba zan ce miki ki jira sai ya warke ko sai kin samu aiki kafin ki yarda an karɓe ki ba.

To anya zai karɓe ki? Ya riga ya yi. Kin ce kin tuba, 1 Yohanna 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake mu. Yesu ya ce a Yohanna 6:37 wanda ya zo wurinsa ba zai kore shi ba ko kaɗan. Abin da kika yi zunubi ne, ba zan shafa masa mai ba, ke ma ba ki nemi in shafa ba, amma zunubin da aka furta aka bari an gama da shi a kan gicciye, yaron da ya fito ta ciki kuma ba zunubi ba ne, kyauta ne. Ɓataccen ɗan nan na Luka 15 ya shirya jawabinsa tun daga hanya, har da roƙon a mai da shi ɗan ƙodago ya riƙa biya da guminsa, uban ya hango shi daga nesa ya sheƙa a guje, bai ma bari ya kai wurin maganar ƙodagon ba ya ce a kawo riga mafi kyau da zobe da takalmi. Mu ma nan mukan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle Uban da ya fi mu tausayi.

Batun addu'a da kike ji kaman bango, wannan ba hujja ba ce. Mutumin da ya kwana 3 a kujerar asibiti ba barci ba abin da zai ji a ransa sai gajiya. Dauda ya yi ta tambaya a Zabura 13 har yaushe za ka manta da ni, Zabura 88 ma har ta ƙare ba haske a ciki, kuma Allah ya bar su a cikin Littafinsa don irin ranakun nan. In kalmomi sun ƙare miki ki karanta su da ƙarfi su zama addu'arki. Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki, 1 Yohanna 3:20 kuma ta ce in zuciyarmu ta kā da mu, Allah ya fi zuciyarmu girma.

Yanzu maganar da kika saka a tsakiya kaman ba komai ba, wai gara ki mutu ki huta. Na gan ta, kuma ba zan wuce ta ba. Ba zan ce miki marar bangaskiya ba don annabi Iliya ma ya faɗi haka a ƙarƙashin wani itace a jeji, 1 Sarakuna 19, ya ce ya isa, ɗauki raina. Allah bai yi masa faɗa ba, mala'ika ya aiko ya ba shi abinci da ruwa ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci, sai daga baya aka yi magana, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Ke ma abin da kike bukata ke nan, barci da abinci da mutum. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi wannan maganar kamar yadda kika rubuto mini. Ranar da za ki kai yaron asibiti ki ce wa likita ke ma kina so a duba ki, ki gaya masa ba kya barci kuma tunanin mutuwa na zuwa miki, ciwon damuwa ciwo ne kaman kowane kuma ana maganinsa. In kuwa tunanin ya kai ga kina shirya yadda za ki yi, kar ki zauna ke kaɗai ko na awa ɗaya, ki kira wani ya zo, ku tafi asibiti a lokacin.

Komawa coci, ga yadda nake gani. Kar ki fara da ranar Lahadi inda ido zai yi miki yawa. Ki nemi wata dattijuwa mai riƙe sirri a ikilisiyar, ku je wurin fasto a tsakiyar mako, ki ce masa kin tuba kina so a san matsayinki a kuma maido ki cikin zumunci har da Jibin Ubangiji. Ba alfarma kike roƙo ba. Horo an yi shi don a maido da mutum ne, Bulus da kansa ya rubuta wa Korantiyawa a wasiƙa ta 2 sura 2 game da wanda suka hora, ya ce horon ya isa haka, ku yafe masa ku ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Shekara 6 ba wanda ya taka ya zo ya duba ki, gaskiya wannan abin kunyar ikilisiya ne ba naki ba, kuma yana ba ni haushi yadda kullum macen ce ake tsayarwa a gaban jama'a don ita cikin ya nuna a jikinta, namijin ya sulale, tun zamanin matar nan ta Yohanna 8 da aka jawo ita kaɗai haka abin yake. Za a samu masu kallon gefen ido, ɗan'uwan ɓataccen ɗa ma ya ƙi shiga gida ranar biki, amma gidan ba nasa ba ne. In faston ya karɓe ki, madalla. In kuwa aka ci gaba da ja miki rai ko aka ce sai kin biya wani abu, ki nemi wata ikilisiya mai koyar da Littafi Mai Tsarki da gaskiya ki zauna a can, ba laifi kika yi ba.

Kuma in kin koma kar ki ɓoye bukatarki don kunya. Sau da yawa albarkar da muke jira ta faɗo daga sama tana zuwa ne ta hannun 'yan'uwa, wadda za ta zauna da yaron ki samu barci, wanda ya san inda ake neman ma'aikaci, wanda zai ba da jini ranar da ake bukata. Ba za su sani ba sai kin faɗa.

Shi kuma uban yaron, aurensa bai sauke masa nauyi ba, rabin jinin nan nasa ne. Ki sa manya daga ɓangarenki su same shi da danginsa a kan kuɗin magani da makaranta, in ya ƙi akwai hukumomin jin daɗin jama'a da kotu. Ya kamata ma a gaya masa shi da matarsa su yi gwajin jini saboda 'ya'yan da za su haifa, ke ma duk ranar da wani ya zo da maganar aure, gwajin nan kafin komai.

Yaron kuma ki riƙa ba shi ruwa sosai, ki kare shi daga sanyi da cizon sauro, kar a tsallake rigakafi da magungunan da aka rubuta masa na kullum, kuma zazzaɓi a jikin mai sikila ba abin jira ba ne, da kin ji jikinsa ya yi zafi sai asibiti ko da tsakar dare ne. Ki tambayi likitansa ko maganin nan hydroxyurea zai dace da shi, yana rage yawan tashin ciwon ga yara da dama, amma likita ne zai yanke ba ni ba. In kin je wurin faston ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi, ki kuma gaya mini wa kika samu kika faɗa wa waccan maganar.